Cinikin kujerun alƙalai a Majalisar Dattawan Amurka

A daren Laraba, 20 ga Nuwamban 2024, mako biyu bayan Donald Trump ya ci zaɓe, manyan sanatocin Amurka suka ƙulla ciniki a kan alƙalai. 'Yan jam'iyyar Dimokrat, ƙarƙashin jagorancin Chuck Schumer, sun san rinjayen majalisa zai kuɓuce musu a farkon Janairu, ga kuma sunayen mutanen da Joe Biden ya aiko a tabbatar suna nan jibge. 'Yan Rifablikan ba su da yawan da za su kayar da sunayen, amma suna da ikon cinye lokaci. Duk wani ɗan mataki da aka saba wucewa da amincewar kowa, sai su ce a'a, a kira suna ɗaya bayan ɗaya a kaɗa ƙuri'a, har zama ya riƙa kaiwa tsakar dare. Da aka gaji sai aka sasanta: 'yan Rifablikan za su saki hanya a tabbatar da alƙalai goma sha wani abu na kotunan gunduma, su kuma 'yan Dimokrat su cire hannu daga mutum huɗu da aka zaɓa wa kotunan ɗaukaka ƙara, kujerunsu su jira Trump.

Mutum huɗun su ne Adeel Mangi, da Julia Lipez, da Karla Campbell, da Ryan Park. Ofishin Schumer ya ce ai dama ba su da ƙuri'un da za su kai su, don haka riba aka ci. Ta fuskar lissafi akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin Biden ya sauka da alƙalai 235, ya ɗara Trump da ɗaya, wanda ya naɗa 234 a wa'adinsa na farko. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka bayyana lamarin ba tare da wani nauyin baki ba, kamar ana musayar buhun gero da tiyoyin shinkafa. Ciniki a kan alƙalai ya daɗe a Amurka, kusan tun kafuwar ƙasar. Amma abin da ake cinikin a kansa ya canza cikin shekara ashirin da suka wuce, kuma canjin nan shi ya kamata a duba.

Sai an fara gane tsadar hajar tukuna. Tsarin mulkin Amurka ya ce shugaban ƙasa ne ke zaɓen alƙalin tarayya, Majalisar Dattawa mai sanata 100 ta ba da shawara da amincewa. Da zarar an rantsar da mutum, kujerar tasa ce har ya mutu ko ya ajiye da kansa. Babu shekarun ritaya. Tsigewa ce kaɗai hanyar cire shi, kuma a tarihin ƙasar gaba ɗaya alƙalai takwas ne aka taɓa cirewa ta haka. Kujerun sun kusa 870: tara a Kotun Ƙoli, 179 a kotunan ɗaukaka ƙara 13, sauran mafi yawa a kotunan gunduma 94, inda ake fara shari'a. Idon duniya yana kan mutum taran nan, alhali Kotun Ƙoli ba ta sauraron fiye da shari'a 60 zuwa 70 a shekara, kotunan ɗaukaka ƙara kuwa suna karɓar wajen 40,000. Kusan duk wanda ya ɗaukaka ƙara, a nan maganarsa ke ƙarewa. Shi ya sa 'yan Rifablikan suka ga kujera huɗu ta ɗaukaka ƙara ta isa farashin goma sha wani abu na gunduma.

Mai karatu a Najeriya zai ga bambanci. A can Hukumar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce ke miƙa suna kafin shugaban ƙasa ya naɗa, kuma alƙalin Kotun Ƙoli yana sauka idan ya cika shekara 70. A Amurka babu wata hukuma a tsakani, daga Fadar White House sai majalisa. Rashin wa'adi kuma ya sa ƙuruciya ta zama abin nema. Clarence Thomas yana da shekara 43 aka tabbatar da shi a Kotun Ƙoli a 1991, ga shi ya haura shekara talatin a kan kujera. Neil Gorsuch ya hau yana da 49, Amy Coney Barrett tana da 48. Shugaba yana yin shekara huɗu ko takwas ya tafi, alƙalinsa yana nan yana yanke hukunci a kan jikokin waɗanda suka zaɓe shi.

Tsohuwar kasuwar tana da ƙa'idojinta, kuma mafi daɗewa ita ce girmama sanatan jiha. Tun a 1789, majalisa ta ƙi amincewa da wani Benjamin Fishbourn da George Washington ya zaɓa wa wani muƙami a tashar jiragen ruwan Savannah, saboda kawai sanatan Jojiya, James Gunn, ba ya ƙaunarsa. Daga wannan al'ada aka samu abin da ake kira shuɗiyar takarda, wadda ta fara bayyana wajen 1917. Idan an zaɓi alƙali, shugaban Kwamitin Shari'a zai aika wa sanatoci biyu na jihar da kujerar take wata takarda mai launin shuɗi su faɗi ra'ayinsu. Idan ɗaya ya riƙe tasa bai mayar ba, a yawancin lokuta sunan ya mutu ke nan, ko zaman tantancewa ba za a yi ba. Ba a rubuta wannan a tsarin mulki ko a dokokin majalisa ba. Al'ada ce, ƙarfinta kuma ya danganta ga wanda ke shugabantar kwamitin.

Kada a ɗauka wannan tsohon tsari tsaftatacce ne. A zamanin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, kwamitin yana hannun James Eastland na Misisipi, riƙaƙƙen mai kare wariyar launin fata. Don ya zauna lafiya da shi, Shugaba John Kennedy ya naɗa abokin Eastland, Harold Cox, alƙalin gunduma a 1961, mutumin da ya yi suna wajen cin mutuncin baƙar fata daga kan kujerar shari'a. A daidai wannan lokaci, Thurgood Marshall, lauyan da ya yi nasarar rusa wariya a makarantu, sai da ya jira kusan shekara guda kafin a tabbatar da shi a kotun ɗaukaka ƙara a 1962. Baƙar fatan Misisipi ne suka biya kuɗin wannan zaman lafiya, su da ba a tambaye su ba.

Irin wannan ba ni gishiri in ba ka manda bai ƙare da wancan zamani ba. A ƙarshen 2013 Barack Obama ya yi yarjejeniya da sanatocin Jojiya biyu, Saxby Chambliss da Johnny Isakson, dukansu 'yan Rifablikan. Su za su saki takardar Jill Pryor, wadda suka daɗe suna riƙe wa, shi kuma ya karɓi wasu sunaye daga hannunsu. A cikin sunayen akwai Michael Boggs, wanda lokacin yana ɗan majalisar jiha ya kaɗa ƙuri'ar a bar tambarin 'yan awaren Kudu, masu kare bauta, a jikin tutar Jojiya. 'Yan jam'iyyar Obama da kansu suka yi masa bore, ciki har da John Lewis, ɗan Majalisar Wakilai kuma jigon gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, sunan Boggs ya faɗi, sauran suka wuce. A 2022 kuma aka gano Biden yana shirin naɗa Chad Meredith, lauya mai adawa da zubar da ciki, a Kentaki, mutumin da Mitch McConnell, sanatan jihar kuma jagoran sanatocin Rifablikan a lokacin, ke so. Labarin ya fito ne a kwanakin da Kotun Ƙoli ta soke 'yancin zubar da ciki na ƙasa baki ɗaya, magoya bayan Biden suna cikin fushi. Abin da ya kashe maganar a ƙarshe shi ne ɗaya sanatan Kentaki, Rand Paul, ɗan jam'iyyar McConnell, wanda ya ƙi sakin tasa takardar don ba a yi shawara da shi ba.

Ƙa'ida ta biyu ta fi ta farko nauyi. A Majalisar Dattawa, kafin a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a kan wani abu sai an rufe muhawara, kuma tun 1975 rufe muhawara na buƙatar sanata 60. Marasa rinjaye, in dai sun kai 41, suna iya hana a rufe, maganar ta yi ta shawagi har ta mutu. Wannan dabara ita ake kira filibasta. An daɗe ba a cika amfani da ita a kan alƙalai ba, in ban da abin da ya sami Abe Fortas a 1968 lokacin da Shugaba Lyndon Johnson ya so ɗaga shi ya zama babban jojin ƙasa. Duba yadda ƙuri'u suke a da a kan alƙalan Kotun Ƙoli: Antonin Scalia, mai ra'ayin riƙau na gaske, ya samu 98 babu ko ɗaya da ya ƙi a 1986. Ruth Bader Ginsburg, wadda take can ɗaya gefen, ta samu 96 da 3 a 1993. A tsakaninsu ne aka kayar da Robert Bork a 1987 da ƙuri'a 58 da 42, raunin da 'yan Rifablikan ba su manta ba har yau, suna kuma kafa hujja da shi cewa ɗaya ɓangaren ne ya fara jifa.

A 2003 'yan Dimokrat suka mayar da filibasta makamin yau da kullum, suka tare mutum goma da George W. Bush ya zaɓa wa kotunan ɗaukaka ƙara. Miguel Estrada, bayan an yi yunƙurin rufe muhawararsa sau bakwai ba a yi nasara ba, ya janye. 'Yan Rifablikan suka yi barazanar sauya dokar da rinjaye mai sauƙi, matakin da aka laƙaba wa suna na nukiliya saboda ɓarnar da ake ganin zai yi. Sai a ranar 23 ga Mayun 2005 sanatoci 14, bakwai daga kowane ɓangare, ciki har da John McCain da Ben Nelson, suka fito da yarjejeniya. 'Yan Dimokrat bakwai suka yi alkawarin ba za su sake tare alƙali ba sai a wani hali na musamman, 'yan Rifablikan bakwai suka yi alkawarin ba za su goyi bayan sauya doka ba. Priscilla Owen da Janice Rogers Brown da William Pryor suka wuce, wasu aka bar su a baya.

Wannan ma ciniki ne, har da mutanen da aka sadaukar. Amma a lura da abin da aka taya: wane irin mutum ne ya cancanci kujera. Muddin shugaba ya san sai ya samo ƙuri'u daga ɗaya ɓangaren, dole tun wajen zaɓe ya tambayi kansa wa abokan hamayya za su iya haɗiyewa. Bill Clinton ya tuntuɓi Orrin Hatch, babban ɗan Rifablikan a Kwamitin Shari'a, kafin ya zaɓi Ginsburg da Stephen Breyer. A ganina wannan ne amfanin dokar 60 da ba a cika faɗa ba. Yawancin aikinta tana yin sa ne tun kafin suna ya iso majalisa, a cikin sunayen da shugaba bai ma aiko ba don ya san ba za su wuce ba.

Zaman lafiyar 2005 bai kai shekara goma ba. A 2013 'yan Rifablikan suka tare mutum uku da Obama ya zaɓa wa kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington, wadda ke sauraron yawancin ƙararrakin hukumomin tarayya, suna cewa kotun ba ta buƙatar ƙarin alƙalai. Ranar 21 ga Nuwamba, Harry Reid, jagoran 'yan Dimokrat masu rinjaye a majalisar, ya ja kunamar bindigar da aka daɗe ana nunawa: da ƙuri'a 52 da 48 aka soke buƙatar 60 a kan duk alƙalai in ban da na Kotun Ƙoli. McConnell ya gargaɗe su cewa za su yi nadama, kuma da wuri fiye da yadda suke zato. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A Afrilun 2017 McConnell ya ƙarasa aikin, ya cire sharaɗin a kan Kotun Ƙoli ma don Gorsuch ya wuce. A shekarar Chuck Grassley, ɗan Rifablikan mai shugabantar Kwamitin Shari'a, ya sanar cewa shuɗiyar takarda ba za ta ƙara tare alƙalin ɗaukaka ƙara ba. A 2019 aka rage lokacin muhawara a kan alƙalin gunduma daga awa 30 zuwa awa 2.

Na san masu kare Reid suna da hujja: an toshe masa hanya ta yadda ba a saba gani ba, kuma babu tabbacin cewa da ya haƙura McConnell zai haƙura. Hujjar tana da ƙarfi, musamman idan aka dubi abin da ya biyo baya. Da 'yan Rifablikan suka karɓi majalisa a 2015, sai suka gano ba sa buƙatar filibasta ko kaɗan, domin mai rinjaye shi ke riƙe da jadawali. Cikin shekara biyun ƙarshe na Obama alƙalai 20 kacal aka tabbatar a kotunan gunduma da na ɗaukaka ƙara, Trump ya gaji kujeru fiye da 100 babu kowa a kai. Scalia ya rasu ranar 13 ga Fabrairun 2016, kuma a ranar McConnell ya ce sai sabon shugaba ne zai cike gurbin. Obama ya zaɓi Merrick Garland, ɗan shekara 63, mai matsakaicin ra'ayi, wanda Hatch da kansa ya taɓa yabawa. A tsohuwar kasuwa wannan tayi ne na neman sulhu. Sunan ya kwana 293 ba a ko kira shi zaman tantancewa ba, har ya faɗi.

Dalilin da aka bayar shi ne shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su yi magana. Bayan shekara huɗu Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumban 2020, saura mako shida da 'yan kwanaki zaɓe. Aka tabbatar da Barrett ranar 26 ga Oktoba, kwana takwas kafin ranar zaɓe, miliyoyin mutane sun riga sun kaɗa ƙuri'a, kuma babu ɗan Dimokrat ko ɗaya da ya goyi baya. McConnell ya ce yanayin ya bambanta, domin a 2016 fadar shugaba da majalisa suna hannun jam'iyyu daban, a 2020 kuwa hannu ɗaya. Lindsey Graham, wanda a 2016 ya ce a riƙe kalamansa a yi masa hujja da su idan irin haka ta faru a ƙarƙashin shugaba ɗan jam'iyyarsu, shi ne ya jagoranci zaman tantance Barrett. Ban ga yadda za a karanta waɗannan abubuwa biyu a fito da wata ƙa'ida ba, illa cewa mai sanata 51 yana yin abin da ya ga dama.

To da aka rushe duk waɗannan shingaye, me ya rage a yi ciniki a kai? Lokaci da adadi. Shugaban da jam'iyyarsa ke da rinjaye ba ya buƙatar jin ta bakin abokan hamayya a kan waye zai zaɓa, waɗanda yake saurara su ne na cikin gida. A Mayun 2016 Trump, yana ɗan takara, ya fitar da jerin sunaye 11 da ya ce daga ciki zai zaɓi alƙalin Kotun Ƙoli, jerin da aka tsara da taimakon mutanen ƙungiyar lauyoyi masu ra'ayin riƙau ta Federalist Society, wadda aka kafa a 1982, da cibiyar Heritage. Wannan ma yarjejeniya ce, tsakanin ɗan takara da masu zaɓe 'yan addini da ba su natsu da halinsa ba: ku ba ni ƙuri'a, in ba ku kotu. Ya cika alkawari. Alƙalai uku ya naɗa a Kotun Ƙoli, da 54 a kotunan ɗaukaka ƙara cikin shekara huɗu, Obama kuwa 55 ya samu a shekara takwas. A ranar 24 ga Yunin 2022 ukun nan suna cikin waɗanda suka soke hukuncin 1973 na zubar da ciki. Biden ya yi nasa alkawarin ga nasa mutanen tun lokacin zaɓen fid da gwani, cewa zai naɗa mace baƙar fata, ya kuma cika da Ketanji Brown Jackson, wadda ta wuce da 53 da 47.

Yadda lissafin jam'iyya ya cinye komai ya fito fili a wani ƙudurin doka na 2024. Kotunan gunduma sun yi shekaru suna kukan shari'u sun yi musu yawa. A watan Agusta Majalisar Dattawa ta amince, babu mai ja, a ƙara kujeru 66 a hankali cikin shekaru masu zuwa. An yi saurin yarda ne don a lokacin babu wanda ya san wa zai ci zaɓe. Majalisar Wakilai, wadda ke hannun 'yan Rifablikan, ta ajiye ƙudurin sai da Trump ya ci sannan ta amince a Disamba. Biden ya hau kujerar na ƙi. Mai ƙarar da ke jiran a saurare shi shekara biyu ko uku yana nan yana jira.

Mu koma kan Adeel Mangi, domin a kansa ne ake ganin abin da wannan kasuwa ke yi wa ɗan Adam. Haifaffen Karachi ne a Pakistan, ya yi karatu a Oxford da Harvard, ya zama babban lauya a New York. Da an tabbatar da shi, da shi ne Musulmi na farko a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a tarihin Amurka. Kafin shi, sai a 2021 aka samu Musulmi na farko ko a kotun gunduma, Zahid Quraishi, wanda ya wuce da ƙuri'a 81 da 16. Mangi ya yi suna ne da ya tsaya wa al'ummomin Musulmi a New Jersey da hukumomin garuruwa suka hana gina masallaci, ciki har da shari'ar Basking Ridge da ta ƙare a 2017 da biyan diyyar dala miliyan 3.25. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta ba shi shaidar cancanta mafi girma.

A zaman tantance shi a Disamban 2023, wata biyu bayan harin 7 ga Oktoba da Hamas ta kai Isra'ila, sanatoci irin su Ted Cruz da Josh Hawley suka tsare shi da tambayoyi a kan Hamas da Isra'ila da harin 11 ga Satumba, suna kafa hujja da zamansa a kwamitin ba da shawara na wata cibiya a Jami'ar Rutgers. Ya yi tir da ta'addanci da ƙyamar Yahudawa a fili, ya maimaita. Manyan ƙungiyoyin Yahudawan Amurka, ciki har da ADL, suka fito suka kare shi. Da wannan zargi bai kama ba, sai aka koma cewa yana da alaƙa da wata ƙungiya mai tallafa wa iyalan fursunoni, aka zana shi a matsayin maƙiyin 'yan sanda. A nan ne 'yan jam'iyyar da ta kawo shi suka fara zamewa: Catherine Cortez Masto da Jacky Rosen na Nevada, da Joe Manchin, suka ce ba za su zaɓe shi ba. Da rinjayen 51 da 49, wannan ya isa. Aka bar sunansa a rataye wata da watanni, ba a kawo shi zaure an kaɗa ƙuri'a kowa ya nuna fuskarsa ba, sai da ranar ciniki ta zo aka saka shi cikin kayan da za a bayar. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kayar da mutum a bainar jama'a haƙƙin majalisa ne, kuma sanatan da ya ƙi shi zai amsa tambaya a gaban masu zaɓensa. Yarjejeniyar tsakar dare ta raba kowa da wannan nauyi. A wasiƙar da ya rubuta wa Biden a Disamban 2024, Mangi ya ce tsarin tantance alƙalai ya lalace tun daga tushe.

Wani zai ce mene ne namu a ciki. A Janairun 2017 Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, ciki har da Sudan da Libiya da Somaliya. Alƙalan kotunan gunduma da na ɗaukaka ƙara ne suka yi ta dakatar da umarnin, yana sake rubuta shi. Rubutu na uku, na Satumban 2017, ya haɗa har da Chadi, kafin a cire ta a Afrilun 2018. Ranar 26 ga Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta halatta umarnin da alƙalai biyar a kan huɗu. Huɗun da suka ƙi duka shugabannin Dimokrat ne suka naɗa su, a cikin biyar ɗin kuma akwai Gorsuch, yana zaune a kujerar da aka hana Garland. Da wannan hukunci a hannu, a farkon 2020 Trump ya faɗaɗa jerin ya saka Najeriya, aka dakatar da bizar masu ƙaura zuwa can har sai da Biden ya soke a ranar da ya hau mulki. Magidancin da ke Houston yana jiran matarsa da 'ya'yansa su iso daga Kano ko Legas a wannan shekara, shawarar da McConnell ya yanke a Fabrairun 2016 ta shiga har cikin gidansa.

Ba na cikin masu cewa a raba naɗin alƙalai da siyasa gaba ɗaya, don ban ga ƙasar da ta iya ba. Mutanen da ke fassara tsarin mulki suna da iko mai yawa, kuma daidai ne zaɓaɓɓun wakilai su sa baki a kan su waye. Jamus ta karɓi wannan gaskiya ta tsara ta. Alƙalan Kotun Tsarin Mulkinta 16 suna yin shekara 12 ne sau ɗaya, kuma sai da kashi biyu bisa uku na majalisa ake zaɓensu, don haka jam'iyyu suna raba damar gabatar da suna a tsakaninsu, kowa ya san dole ya kawo wanda ɗaya ɓangaren zai iya karɓa. Can ma ana samun rikici, kamar yadda aka gani a 2025 da Frauke Brosius-Gersdorf ta janye bayan 'yan jam'iyyar CDU sun juya mata baya. Amma kujerar shekara 12 ba ta kai a ƙona gida saboda ita ba. A Amurka kuwa sa'a da ajali ne ke raba rabo: Jimmy Carter ya yi shekara huɗu bai naɗa ko ɗaya a Kotun Ƙoli ba, Trump ya samu uku a daidai wannan tsawon lokaci. Shawarar da aka fi tattaunawa, wadda Biden ya goyi baya a Yulin 2024, ita ce wa'adin shekara 18, kujera ɗaya ta riƙa buɗewa duk shekara biyu. Ina ganin ita ce ta taɓa ainihin ciwon, domin tana rage farashin kujera ɗaya. Cikasta shi ne masana da yawa suna ganin sai an gyara tsarin mulki, kuma jam'iyyar da ke da alƙalai shida cikin tara ba ta da dalilin yarda.

Shuɗiyar takarda ita kaɗai ta rage daga tsoffin shingayen, a kan kotunan gunduma kawai. A 2025 Trump ya matsa wa Grassley lamba a fili ya soke ta, dattijon ya ƙi, domin ya san ranar da jam'iyyarsa za ta koma marar rinjaye tana zuwa. Dick Durbin, ɗan Dimokrat da ya shugabanci kwamitin, shi ma haka ya ƙi lokacin da nasa mutanen suka matsa masa a zamanin Biden.

Kujeru huɗun daren Laraba kuwa, ba duka suka isa hannun Trump ba. Alƙali James Wynn, wanda Ryan Park zai gada, ya fasa ritayar da ya sanar, abin da ya fusata 'yan Rifablikan. Kujerar da aka nufa da Karla Campbell ta tafi ga Whitney Hermandorfer, wadda ba ta kai shekara 40 ba, ita ce alƙaliyar farko da aka tabbatar a wa'adin Trump na biyu. Ta Mangi, a kotun da ke sauraron ƙararrakin Pennsylvania da New Jersey da Delaware, Trump ya ba Emil Bove, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka kare shi a shari'ar New York da aka sami Trump da laifi a Mayun 2024. Majalisa ta tabbatar da shi ranar 29 ga Yulin 2025 da ƙuri'a 50 da 49, yana da shekara 44.